Baƙin Farce a Gefen Kati

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin odar kwastomomi ne. Shekara talatin ina rubuta allunan shaguna da buroshi, kuma a da irinsa ba ya kai wata uku sai ya cika. Tunda injin buga talla ya shigo gari, wannan ya shekara biyu bai kai rabi ba. To bari in juya shi ta baya in yi rubutuna, ko banza takarda ba za ta kai magana gaba ba.

Da safe saƙo ya shigo wayata daga kamfanin manhajar nan ta saka jari, wadda ake sayen hannun jari ta waya. Wai suna baƙin cikin sanar da ni cewa wasu sun yi musu kutse tun watanni huɗu da suka wuce, sun kwashe bayanan masu asusu: suna, adireshi, hoton katin shaida, har da ɗan bidiyon da mutum yake yi lokacin rajista. Wai kuɗinmu yana nan lafiya. Wai in canza lambar sirri. Wata huɗu suna zaune a kan magana, yau ne baƙin cikin ya kama su!

Na nuna wa Mai Walda, maƙwabcin shagona, don shi ya jefa ni cikin harkar nan bara. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya karanta, ya fashe da dariya. Ya ce, "Haba Mai Fenti, wa zai saci sunanka? Ko kyauta ka ba ɓarawo, gobe zai dawo maka da abinka ya ba ka haƙuri." Na taya shi dariya.

Saƙon sau biyu ya shigo, ɗaya a layina na kullum, ɗaya a ɗaya layin. Wannan ban nuna masa ba.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Yau ranar farin ciki ce, kuma zan rubuta ta a haka.

Auta ta shigo shago da gudu har ta kusa kifar mini da gwangwanin jan fenti. Na buɗe baki zan yi faɗa sai ta manna mini takarda a fuska. An ɗauke ta aiki a babban asibiti, sashen yara. Cikin mutum ɗari huɗu da suka nema, goma sha biyu aka ɗauka. Shekara biyar tana karatun jinya, shekara ɗaya tana zaune a gida tana wanke-wanke tana jiran yau.

Na ce, "Wane mara tausayi ne zai damƙa miki allura ki tunkari 'ya'yan mutane?"

Ta ce, "Baba, kai ne na farko da zan gwada a kansa, juya."

Akwai takardun da za ta kai kafin Juma'a 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma. Wanda bai kai ba a ba na bayansa gurbin. Duk tana da su, saura guda: takardar shaida daga 'yan sanda cewa ba ta da wani laifi. Ta ce wannan aikin kwana uku ne.

Bayan ta tafi na zaɓi katako mai kyau, na goge shi, na yi masa farin shafi. Zan rubuta sunanta da shuɗi, a ƙasa in sa Ma'aikaciyar Jinya. Ba na inji ba, na hannun ubanta.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Na canza lambar sirri. Duka biyun.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Babu kwastoma. Na zana layin harafin farko na sunanta da fensir, na goge, na sake. Na bar shi haka.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba su ba ta takardar ba.

Ta ce matar da ke kan kwamfuta ta buga lambar katinta, ta dube ta, ta sake duban kwamfuta, sannan ta tashi ta kira wani. Wai an buɗe asusun banki da sunanta wata uku da suka wuce, da katinta, da fuskarta. Wai wasu 'yan damfara ne suke karɓar kuɗin mutane ta cikinsa, har mutum tara sun kai ƙara. An ba ta takardar gayyata zuwa ofishin binciken zamba ranar Laraba.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarta tana ta maimaita, "Ni ko bankin ban taɓa shiga ba." Maman yara ta dafa ƙirji tana salati. Ni na ce kuskure ne, suna ne ya zo ɗaya, irin wannan yana faruwa. Na faɗi haka sau uku da murya mai ƙarfi, har maman yara ta ce, "To Malam, wa ya yi maka musu?"

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Na raka ta. Hawa na biyu, dogon baranda, benci na ƙarfe mai sanyi, fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta mata. Mun yi awa biyu kafin a kira mu.

Jami'in da ke riƙe da fayil ɗinta mutum ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Da ma ya ɗaga, da na fi samun sauƙi. Ya ce bayanan da aka buɗe asusun bankin da su irin waɗanda aka sato ne daga manhajar saka jari. Ya dubi Auta ya ce, "Malama, kin taɓa buɗe asusu a wannan manhajar?"

Ta ce, "Ban taɓa ba, Yallaɓai. Ban ma san yadda ake yi ba."

"Kin taɓa ba wani katinki?"

"A'a."

"Ki yi tunani da kyau, don rubutawa za ki yi ki sa hannu, kuma rantsuwa ce."

Ta juyo ta dube ni tana murmushi, irin na mai gaskiyar da aka yi wa tambayar wauta. Ta karɓi biro ta rubuta. Ina zaune taku biyu daga gare ta, hulata a kan gwiwa. Ina kallon rubutunta, har na lura ta gyara yadda take yin harafin k, kamar yadda na koya mata tana aji uku. Ta sa hannu.

Mai Tabarau ya ce za su rubuta wa kamfanin su turo hoton da bidiyon ranar rajista, abin kwana goma ne zuwa mako biyu. Ya ce, "In ba ke kika buɗe ba, to wani ya buɗe da sunanki, kuma shi muke nema. Wanda ya yi wannan, wurinmu zai zauna har a shiga kotu, don da shi za mu fara zargin sayar da bayananki." Sannan ya juyo gare ni. "Baba, akwai abin da za ka ƙara?"

Na ce, "Allah ya taimake ku, Yallaɓai."

Abin da na ƙara ke nan.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na rufe ƙofar shago rabi na buɗe ɗaya asusun. Na shiga inda hoton rajista yake. Ban taɓa dubawa ba tun ranar.

Ga ta nan tana dariya, ɗankwalinta ya zame. Ga katin kusa da kuncinta. A gefen katin, daga ƙasa, ga babban yatsa. Farcensa baƙi ne, ya rabe biyu tun ranar da guduma ta sauka a kansa shekara goma sha tara da suka wuce. A gindin farcen ma har da koren fenti.

Na nemi inda ake goge asusu. Wani abu mai amsa saƙo da kansa ya ce mini ba za a iya rufe wannan asusun ba a yanzu, ya tambaye ni ko amsarsa ta gamsar da ni, in zaɓi tauraro ɗaya zuwa biyar.

Na je kemis na sayi filasta.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Na ce wa mutanen gida wuƙar yankan kwali ce ta yanke ni.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar

Bari in rubuta ranar rajistar nan ta bara, ko zan samu ta bar ni in ci abinci.

Ruwa ake yi. Auta ta kawo mini abinci shago, ruwan ya tsare ta. A lokacin kamfanin yana wata garaɓasa: ka kawo mutum ya yi rajista, a ba ka hannun jari ɗaya kyauta. Mai Walda ya kai matarsa da ƙannensa biyu, kullum yana yi mini gori. Ni maman yara ba ta yarda da kuɗin cikin waya ba, ta ce iska ce. Auta ma ra'ayin uwarta gare ta, kuma bakinta ya fi na uwar kaifi. Na san in na faɗi gaskiya sai sun yi mako suna yi mini dariya.

Sai na ce mata ƙungiyarmu ta masu sana'a ce take rajistar iyali don inshorar lafiya. Ta ciro katin daga jaka ba ta ko tambaya ba. Na riƙe shi kusa da fuskarta da hannu ɗaya, waya a ɗaya. Wayar ta ce ta juya kai hagu, ta juya dama, ta lumshe ido. Tana yi tana dariya, tana cewa, "Baba, ko rawa ma za a ce in yi?" Minti biyu aka gama. Ta ci rabin abincin da ta kawo mini, ruwa ya tsaya, ta tafi. A waccan shekarar an ɗauke ta hoto da kati ya fi sau goma, makaranta, jarrabawa, layin waya. Ta yaya za ta tuna wannan?

Na gaya wa kaina ai don ita nake yi, zan riƙa tara mata a ciki in ba ta ranar da ta gama karatu. Ban taɓa saka ko sisi ba. Kyautar da aka ba ni kuwa na sayar da ita a makon, na sayi gwangwanin fenti ɗaya, ƙarami.

Kore ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na bi adireshin da ke ƙasan saƙonsu. Mota biyu na hau. Dogon bene mai gilashi, ofishinsu a hawa na shida, ƙofar a kulle, an manna farar takarda da sunansu, ko allo na kirki ba su da shi. Mai gadi ya ce tun makon jiya ba su zo ba, daga gida suke aiki. Ya ce ni ne na goma sha huɗu yau.

Na kira lambarsu daga bakin ƙofar. Kiɗa aka sa mini. Minti ashirin ina tsaye ina jin kiɗa, wata murya tana shigowa tana cewa kirana yana da muhimmanci a gare su, har katin wayata ya ƙare.

Me ma zan ce musu in sun ɗauka? Ku taimake ni ku yanke yatsa daga hoto?

Talata, 18 ga wata, bayan magariba

Wata mata ta zo gidanmu. Ɗaya daga cikin mutum taran nan ce, ban san inda ta samo adireshi ba. Mai sayar da kayan yara ce, da goyo a bayanta. Ta tsaya a ƙofa tana kiran cikakken sunan Auta, tana cewa ta fito ta ba ta haƙƙinta. Maƙwabta suka leƙo. Auta ta fita da kanta, ta kawo mata kujera da ruwa, ta yi mata bayani a hankali. Matar ta ƙare mata kallo ta ce, "Fuskar nan dai ita ce aka turo mini." Ta tafi ba ta sha ruwan ba. Kafin ta tafi Auta ta taɓa goshin jaririn ta ce mata akwai zazzaɓi, ta kai shi a duba.

Da muka zauna cin abinci maman yara ta ɗaga hannu sama. Ta ce, "Wanda ya ɗauki sunan 'yata ya miƙa wa azzalumai, Allah ya hana shi barci. Allah ya tona masa asiri a gaban 'ya'yansa." Auta ta ce amin. Suka dube ni.

Na ce amin.

Daga baya Auta ta ce, "Baba, kwana biyar ke nan da filastar nan, kawo in gani, kada ya ruɓe." Na ɓoye hannun a bayana kamar yaron da ya saci sukari. Na ce ai ba a ba ta aikin ba tukuna, ta bar ni da yatsana. Wasa na nufa. Fuskarta ta canza, ta tattara kwanuka ta fita. Bakina ya cuce ni.

Alhamis, 20 ga wata, da rana

Na yi wanka, na sa farar rigata, na tafi ofishin Mai Tabarau. Na shirya maganar tun a mota: Yallaɓai, yarinyar nan gaskiya ta rantse a kai, ni ne.

Na isa bakin get. Na tsaya ina kallon allonsu. Wanda ya rubuta shi bai iya aiki ba, ya matse haruffan ƙarshe don wuri ya ƙare masa, kuma bai bar shafin farko ya bushe ba. Na yi kusan rabin awa ina gyara allon nan a raina. Aka fito da wani dattijo sa'ana, hannunsa a ɗaure da na wani saurayi, takalminsa ɗaya babu. Aka tura su bayan mota.

Na tsallaka titi na sha shayi na dawo shago.

Shekarata sittin da ɗaya. Ina shan maganin hawan jini safe da yamma. Wannan ba hujja ba ce, na dai rubuta ne.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Saura mako ɗaya. Wataƙila kamfanin ba zai turo ba. Wataƙila hoton da za su turo an datse gefensa.

Asabar, 22 ga wata, bayan azahar

Na gwada Mai Walda. Na ce, "Misali wani ya buɗe wa ɗan'uwansa asusu ba da saninsa ba, ba da mugun nufi ba, me ake yi masa?"

Ya kashe injin ya daɗe yana kallona. Ya kalli filastar. Shekara ashirin muna shan shayi a kofi ɗaya, ya san yatsan nan fiye da matata. Ya ce, "Mai Fenti, ni nawa duk da saninsu na yi." Can kuma ya ce, "Misalin nan naka, in ni ne shi, ba zan kai Litinin ba." Ya sauke gilashin fuskarsa ya ci gaba da walda. Yau bai aiko mini da shayi ba.

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Ta wanke fararen kayan aikinta ta goge su, ta rataye a bayan ƙofa cikin leda. Ta ce gaskiya za ta fito kafin Juma'a, hoton ne zai wanke ta. Ta ce, "Ina so in ga fuskar wanda ya yi mini wannan, Baba. Kallo ɗaya kawai nake so in yi masa."

Litinin, 24 ga wata, da safe

Jiri ya ɗebe ni a bakin famfo. Ta zaunar da ni ta ɗaura mini abin awo a dantse. Ta kalli lambar, ta sake aunawa. Ta ce, "Baba, so kake ka mutu a kan matsalata? Wallahi in ka ƙara sa abin nan a ranka zan daina gaya maka komai. Jinin nan naka ko faɗa mai ƙarfi aka yi maka zai iya kayar da kai." Ta ƙirga mini ƙwayoyi ta tsaya a kaina har na haɗiye.

Gobe zan je. Na rantse a nan, a rubuce.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je. Wannan karon na shiga, na hau benen, na zauna a bencin. Aka ce Mai Tabarau yana kotu, ba zai dawo ba sai gobe. Wani ya tambaye ni ko zan bar saƙo, na ce a'a, magana ce ta baki da baki.

Ina saukowa daga benen na ji ƙafata ta yi sauƙi, har ina gaishe da mutanen da ban sani ba. Daɗi na ji. Allah ya gani, daɗi na ji da ban same shi ba. Tir da ni.

Laraba, 26 ga wata, bayan magariba

Na yi niyyar in kasance a can ƙarfe tara. Ina kulle shago sai ga mai sabon gidan burodi, yana son allo babba na hannu, wai na inji ba shi da rai. Wata biyar rabon da wani ya faɗa mini haka. Na ce bari in auna bangon kawai, minti goma. Muka auna, muka zaɓi launi, ya kawo shayi, na ba shi labarin allunan da na rubuta a titin nan. Da na duba agogo sha biyu ta wuce. Na ce to bayan azahar. Bayan azahar na ce ai yanzu sun kusa tashi, gobe da sassafe.

Ashe tun ƙarfe takwas Mai Tabarau ya kira ta a waya. Hoton ya iso. Ba ta gaya mini ba saboda jinina, ita kaɗai ta tafi.

Na dawo gida na tarar maman yara ta tafi duba ƙanwarta. Auta tana zaune a falo da ƙaramin akwatinta na magani a kan tebur, a buɗe. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Zauna." Na zauna. Ta ce, "Kawo hannun."

Na miƙa. Ta kama bakin filastar ta ɓare a hankali, yadda ake yi wa yaro. Babu yanka, babu ƙwarzane. Fatar ta yi fari ta yamutse saboda rashin iska, farcen yana nan baƙi, a rabe. Ta daɗe tana kallonsa. Kallo ɗaya ta ce tana so, ta samu.

Ta ce, "Inshorar lafiya."

Na ce, "Auta, wallahi ban..."

Ta ce, "Ya nuna mini a kwamfuta, ya ƙara girman gefen. Ya ce yatsan wa ne wannan. Na ce na wani mai shagon waya ne da na roƙa ya riƙe mini, ban san shi ba, shagon ma ya tashi. Na ce ni na buɗe asusun da kaina, tsoro ne ya sa na yi musu ranar farko. Na rubuta, na sa hannu."

Na miƙe tsaye. Na ce ƙarya ne, yanzu zan je, ko a ƙofar ofishin zan kwana. Ta ce in zauna, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Ta ce, "Ranar sha biyu ga wata ya tambaye ka ko akwai abin da za ka ƙara. Ran nan ne ranar zuwanka, Baba. Yanzu ya rubuta cewa na ba da bayanin ƙarya sau ɗaya, saboda tsoro. Ya ce ba za su kai ni kotu ba, amma takardar ba za ta fito ba sai an rufe bincike, wata shida ko shekara. In ka je gobe, ya zama na yi ƙaryar rantsuwa don in ɓoye mai laifi. Lasisina gaba ɗaya za su karɓe, kai kuma su rufe ka, da jinin nan naka ba za ka yi mako a ciki ba. Sai in rasa biyu."

Na ce, "Me ya sa? Da kin faɗi sunana, da gobe kin karɓi takardarki."

Ta ce, "Na sani. Ya gaya mini haka sau biyu."

Ta jiƙa auduga da ruwan wanke ciwo ta goge yatsan da ba shi da ciwo, ta busar da shi, ta yanko sabuwar filasta ta naɗa. Ta ce, "Zai iya zuwa gidan nan kowane lokaci, kuma mutumin yana da ido. Kada ka cire sai an rufe fayil ɗin. Kuma Mama ba za ta ji ba."

Ta rufe akwatin ta shiga ɗakinta. Ban ji kuka ba. Na kasa kunne, ban ji ba.

Alhamis, 27 ga wata, da rana

Ta je asibitin ta roƙi a ƙara mata lokaci. Sun ce suna tausaya mata, amma akwai mutum ɗari uku da tamanin da takwas a layi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu da minti biyar

Shi ke nan.

Asabar, 29 ga wata, da safe

Ta sauke fararen kayan daga bayan ƙofa ta ninke su ta sa a ƙasan akwati. Maman yara tana ta addu'arta a kan wanda ya yi, kullum da sabon salo. Jiya Auta ta ce, "Mama, ya isa haka, ki bar shi da Allah." Uwar ta ce, "Ke zuciyarki ta yi sanyi da yawa."

Allon yana shago, fari fat, da layin fensir na harafi ɗaya. Na juya fuskarsa bango. Na mayar wa mai gidan burodi da kuɗin kafin alƙalaminsa, na ce hannuna ba lafiya.

Kamfanin ya sake turo saƙo, sau biyu. Wai sun ƙarfafa tsaro, suna godiya da haƙurinmu.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tana gaishe ni kamar kullum, tana kawo mini magani, tana tsayawa har in haɗiye. Ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta kawar da kai ba. Tsokana ce kawai babu. Jiya na zubar da shayi a rigata, na ɗaga kai ina jiran abin da za ta ce, sai ta miƙo mini tsumma.

Kullum da safe, kafin uwarta ta fito daga kicin, takan zo da akwatin ta ce, "Kawo hannun, Baba." Ta ɓare ta jiya, ta goge, ta naɗa sabuwa. Yau na ce mata ta yafe mini. Ba ta ɗago ba, tana daidaita bakin filastar da ɗan yatsanta. Ta ce, "Ya matse ka?"

Na ce a'a. Bai matse ba, ko kaɗan ba na jin zafi in tana yi. Hannunta yana da sauƙi ƙwarai. Yau ne ya kamata yaran asibitin can su fara saninsa.